Ba a Ƙarƙashin Kayan Wani Ba

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da ƙannenka. Yaya ƙafar kakarku? Ka tabbata tana shan maganinta. Ni lafiyata lau, sai dai hannuwa da ke tsagewa saboda ruwan sanyi, wannan kuwa ba abin faɗa ba ne.

Na ji saƙonka, wai za ka ajiye karatu ka zo nan ka riƙa raka masu hawan dutse. Hoto ne ya ruɗe ka. Dutsen nan ko mutanen garin ba su san da zamansa ba. Manya da furfurarsu za su ɗauko sanda bibbiyu kamar masu jinya, su wuni suna haki, su dawo masaukin da nake aiki da taɓo har gwiwa, ni ce mai gogewa. Sau ɗaya na bi su. Ka san abin da ke ƙololuwar? Tarin duwatsu da iska. Kowa ya ɗora tsakuwa ɗaya, yana murna kamar ya gina asibiti. Wata ta ce, "Mama, ke ma sa taki." Na ce, "'Yar nan, ni kwashe shara nake yi, ba na ƙara ta."

Mai masaukin ya ce zai ba ka aikin dakon jakunkunansu. Na riga na ce masa a'a. Allah ya sani ina marmarin ganin fuskarka, amma ba a ƙarƙashin kayan wani ba. Ka koma aji.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka.