Takardun Malam Ummaru na Masama

Baban Hafsa,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma, takardar da ba ta tsufa ba ai ba ta gabanka.

Fushi nake da kai, wallahi.

Ranar jana'izarka, da liman ya ce duk mai bin ka wani abu ya faɗa, sai wani tsoho ya miƙe, Malam Ummaru na Masama. Yayanka ya gaya mini. Takardun kakansa yake nema, na ajami, waɗanda ka aro ka ce za ka mayar bayan sallah. Sallah nawa aka yi? Na birkice ɗakin karatunka, ba su. Ashe ɗalibinka Nasiru ka ba, ya yi digirinsa na uku da su.

Nasirun da ya shekara yana cin tuwona! Ka je jami'a a Kalgo ka koyar da tarihi, ka dawo Gwandu a gajiye, ka shimfiɗa masa tabarma kuna gyaran babi, Hafsa na tsaye da aikin makarantarta ba mai kallon ta. Ban taɓa ce maka uffan ba. Yau na faɗa: ka fifita 'ya'yan mutane a kan taka. Kullum amana kake koya musu, a faɗi inda aka samo kowace magana. To kai wa ya ba ka izinin ba da aron abin aro?

Yanzu shi Dakta ne. Ya zo gaisuwa, ya yi kukansa, ya tafi. In na kira ba ya ɗauka. Na aiki ƙanena wurinsa, Nasirun ya ce masa wai bai gama da takardun ba. Ya san ina takaba, ba ni da ikon fita, shi ya sa.

Tsohon kuwa duk ranar kasuwa sai ya hau mashin ya zo, ya tsaya a zaure, in ba shi haƙuri ta bayan labule. Na roƙe shi ya yafe maka. Ya ce abin na zuriya ne, ba shi da bakin yafewa shi kaɗai.

Ina fita takaba ofishin Nasiru zan dosa, tun kafin in je gidanmu. Amma na makara. Jiya aka binne Malam Ummaru. Ya taho inda kake, sai ka yi masa bayani da kanka. Ni na gaji.

Allah ya jiƙan ka, ya sauke maka wannan nauyi.

Matarka,
Hajara