Yaya, Na Gano Abin da Ka Yi a Ɗakin Jarrabawa

Assalamu alaikum Yaya Sule. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga yayansa, da fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a inda kake. Damina ɗaya ke nan da muka kai ka makwancinka a Toranke, kuma yau ina da ƙara da zan kawo, kai ne wanda ake tuhuma.

Amma bari in fara da labari. An ba ni gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, shekara uku. Idan na tafi babu mai riƙe gandu, kuma matarka Rabi ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa 'yarku Safiya za ta bar makaranta ta taya ta suyar awara. Sati biyu takardar tana aljihuna, na kasa amsawa.

Ka tuna ranakun kasuwar Gaya, bayan la'asar, da muke cusa kai zauren wani Alhaji mai talabijin? Da batirin mota take aiki, kuma sai an ɗan mare ta hoto yake tsayawa. Akwai wani tsohon shiri na Turawa masu yawo a sararin samaniya, suna da injin da yake mayar da mutum shekarun baya. Kai ka naɗa kanka tafinta, alhali Turancinka bai wuce na gaisuwa ba.

Ko gezau ba ka yi. Wasu halittu masu koren kai su fito, ka ce, “Waɗannan rashin fura ne ya mayar da su haka.” Shugaban jirgin ya ɗaure fuska, ka ce rigimar iyakar gona ce tsakaninsa da ɗan baffansa. Dattawa suna gyaɗa kai, ni kuma ina kumbura don yayana ya iya Turanci.

Kwanan nan na samu shirin a waya na sake kallo. Yaya, ka yi mana ƙarya mai yawa! Babu gona ko ɗaya a ciki. Na yi dariya har malaman da muke koyarwa tare suka leƙo su ga ko lafiya.

Kashi ɗaya ne kawai ka fassara daidai. Wani matuƙi ya koma ƙuruciyarsa, ranar da aka zaɓi ƙaninsa ya tafi karatu aka bar shi, yana da damar karɓe gurbin. Sai ya gane ƙanin nan ne zai zama likitan da zai ceci gari guda daga annoba. Ya tsaya yana kallo aka sake barinsa, ya shiga injinsa ya dawo. Ranar ba ka yi barkwanci ba. Ka ce, “Ya yi daidai, ai ba kowa ne zai tafi ba.”

To ga ƙarar. An sa mu aji ɗaya duk da ka girme ni da shekara biyu. Baba ya ce mutum ɗaya ne zai wuce sakandare, ɗayan ya zauna gandu, kuma idan duka muka ci jarrabawa, babba ne zai tafi. Na ci, ka faɗi. Shekara da shekaru ina tsokanarka da kan kabewa, kana dariya.

Makon jiya na haɗu da tsohon malaminmu a Gafasa, wanda ya tsare mu a jarrabawar. Ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce bai taɓa manta yaron da ya fi kowa lissafi a ajin ba, wanda ya rubuta sunansa a takarda ya kifa ta, ya zauna yana fiƙe fensir har aka tashi.

Na zauna a kan babur na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Na ji haushinka, na ji kunyar bakina, kuma na ji ina sonka fiye da yadda na taɓa faɗa maka. Da ina da injin nan da na koma zauren jarrabawar na zauna kusa da kai. Sai dai na sanka, ƙeyata za ka doka ka ce in duba takardata.

Jiya na rubuta wa masu ba da gurbin karatun na ce na gode, ba zan samu zuwa ba. Ya yi mini zafi, ba zan yi maka irin fassararka ba. Safiya tana aji biyar yanzu, kuma a gidana za ta zauna nan Gaya har ta gama. Ban gaya mata dalili ba, kuma na roƙi Rabi kada ta gaya mata.

Gandu kuwa na fara huɗa da kaina ranar Asabar. Ta fito a karkace, mutanen Toranke sun samu abin dariyar da zai kai su kaka. Shanunka ma juyowa suke yi suna dubana.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya biya ka da abin da ya fi abin da ka bari a kan teburin jarrabawar nan. Allah ya haɗa mu a Aljanna, in ba ka haƙuri baki da baki.

Ƙaninka da ka tura gaba,
Habu