Kan Jirgin Baba Ya Hana Ni Komawa Gida

Malam Maidaji, don Allah ka taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Daga Guangzhou nake rubuto maka, inda nake zuwa sarin yadi a kasuwar Shahe. Na gama sari, kaya sun bi jirgin ruwa tuntuni, amma na kasa tafiya.

Mahaifina tsohon direban jirgin ƙasa ne. Ya ja jirgi daga Kano zuwa Nguru har ƙarfinsa ya ƙare, yanzu yana gida, ido ya soma yi masa hazo. A wannan zuwan na raka wani abokina zuwa unguwar Panyu, wurin wani tsohon Basine mai masana'antar kayan wasa, muna ce masa Lawban, wato maigida. A lambun gidansa na ga abin da ya tsayar da ni: ɗan layin dogo shimfiɗe tsakanin furanni, ga ƙaramin kan jirgi kamar tsawon hannu yana jan taragai, har da usur. Malam, sai da na yi hawaye. Da tsohon ya ji labarin Baba, ya ɗauko wani tsohon kan jirgi da taragonsa da dogonsa ya ba ni kyauta.

Matsalar ita ce ta dogo yake samun wuta, ƙafafunsa ke ɗauka, mu kuwa a unguwarmu wuta sai ta ga dama. Sai na ƙudura mayar da shi mai batir. Na kwance shi, na yanke wayoyin ƙafafun, na sa batir a taragon baya. Na farko ya yi nauyi, jirgi ya kasa ja. Da na sa na biyu, jirgi ya tashi da gudu ya daki ƙafar gado. Jiya kuma sai na ji ƙauri. Na zaga shaguna neman abin rage gudu, duk inda na shiga "meyo" ake ce min, wato babu. Lawban da zai nuna min ya yi tafiya.

Mas'udu, mutumin Maraɗi da muke ɗaki ɗaya a unguwar Sanyuanli, cewa yake an yi min asiri, magidanci guda ya zauna yana wasan yara. Yayana Shitu ya bugo waya, ya ce jikin Baba ba daɗi, kullum sai ya tambaya ko na iso. Na ce ina tafe, na koma na ɗauki sukudireba. Bizata ta kusa ƙarewa. Ba na iya zama, ba na iya cin abinci, in na fita sai na ga ya kamata in koma ɗaki, in na koma sai ɗakin ya yi min kaɗan. So nake ya ji jirgi yana zagaya tsakar gidansa kafin idon ya rufe. Yaya zan je masa da ƙarfen da ba ya motsi? In ƙara ɗan haƙuri ko in tafi?

Ɗan Direba, Guangzhou

Ɗan Direba, Allah Ya ba Baba lafiya. Mas'udu bai yi maka adalci ba. Ɗan da ya ga abu a ƙasar Sin ya tuna da sana'ar ubansa ba wasan yara yake ba, kuma dabarar batir daidai take da gidan da wuta ba ta zama.

Amma Shitu ya fi ka gaskiya. Baba bai san da jirgi ba, kai yake tambaya. Ina kuma zargin akwai fargabar ganin yadda jikinsa ya koma a cikin wannan jinkiri naka. Ba laifi ba ne, sai dai kwance jirgi ba zai rage ta ba.

Ga abin yi. Kada ka sake haɗa masa wuta a nan, ƙaurin nan gargaɗi ne. Na tambayi mai gyaran rediyo, ya ce ka tabbata ba wayar da ta rage a ƙafafun, ka sa fis tsakanin batir da inji, abin rage gudu kuma ana haɗa shi a Kano. Bar batiran nan, ka naɗe jirgin da dogonsa a kwali, ka yanki tikiti a makon nan.

Ka kai masa shi a kwance yadda yake. Shimfiɗa tabarma, ɗora masa kan jirgin a cinya ya shafa, ka ce ya ƙi tashi. Tsohon direba zai fi jin daɗin a nemi ra'ayinsa a kan inji fiye da a zaunar da shi kallo. Ko ya tashi ko bai tashi ba, kun yini tare.

Allah Ya kawo ka lafiya, Ya sa ka same shi zaune yana faɗa.

Malam Maidaji