Ni na wanke kwalaben, Maman Ladi aka kama

Salama a gare ku, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah kada ku zage ni sai kun kai ƙarshe, kuma a ɓoye sunana, domin Kafanchan kowa ya san kowa.

Ni mai wanke kwalabe ne a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta, firamare kawai na yi. Ogana malamin kimiyya ne, yana neman digirin dokta a kan wani ƙarfe mai suna osmiyam. Daga Turai abokinsa ya aiko masa, bai cika cokalin shayi ba. Na ji yana gaya wa ɗalibai wai yana haɗa wani sinadari da zai kama ƙarfen a wuri uku kamar awartakin maƙeri, in ya kamu aka haska masa wata fitila sai ya ba da jan haske. Wata bakwai yana dafawa yana tacewa. Daga ƙarshe ya zuba ruwan a ƙananan kwalabe huɗu, ya ajiye a can cikin kabad don ya fitar da ƙwayoyi kamar gishiri a hankali. Wannan kam bai gaya mini ba. Yaushe ya taɓa yi mini magana in ba zagi ba?

Ana jibi baƙi za su zo duba makaranta, ya goga yatsa a tebur ya ce mini a gaban ɗalibai, "Kai, da aladu kuke kwana a gidanku? Na sake ganin datti, ka koma gona." Ni kuwa ko ƙofa na kulle sai na dawo sau uku na duba. Na bi lungu-lungu, sai ga kwalaben nan da baƙin ruwa da wani abu kamar tsatsa a gindi. Na zubar, na sa burushi da sabulu, har daɗi na ji da suka yi fes.

Washegari Oga ya buɗe kabad, ya yi wani ihu da ban taɓa ji ba. "Wa ya shigo nan?" Sai kawai bakina ya ce, "Oga, na ga Maman Ladi a wajen." Maman Ladi mai shara ce, 'yar Kagoma, mijinta ya rasu, ban da tsintsiya ba ta taɓa komai. Aka kira ta. Ta durƙusa tana cewa, "Oga, Allah ne shaidata." Ya danƙa mata kwalba ɗaya a hannu ya ce, "Riƙe. Abin da kika zubar daga nan, ke da 'ya'yanki da kakanninki ba ku kai darajarsa ba." Wata ɗaliba ta ce, "Sannu Dokta Maman Ladi!" Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, don kada a gane ni. Wane irin mutum ne ni?

An dakatar da ita, kwamiti zai zauna ranar Alhamis. Ran Lahadi bayan sujada a coci sai ga ta a gidana da doya biyu a kai. Ba ta san wanda ya ambaci sunanta ba. Ta ce, "Ɗan'uwana, sunanka na bayar ka yi mini shaida. Kai ne ka san hannuna." Na ce, "Ba komai, Mama, kwantar da hankalinki." Na karɓi doyar. Matata ta dafa, na ci, har na ƙara.

In na faɗi gaskiya, a ranar Oga zai kore ni, ga yara biyar, ga ƙarya a kan laifi, wa zai sake ɗaukata? In na yi shiru, ita za ta tafi da nata yara huɗu. Ran Alhamis za a zaunar da ni a gabanta, tana kallona, a ce in faɗi abin da na gani.

Jama'a, me zan yi?