Kada a Kai Shifa Salaga

Maamobi, Accra
Ranar Talata

Zuwa ga ƙanena Wahab,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka a kan titunan Doha, Ya sa albarka a guminka. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Mma ta yi sauƙi tun da ta yarda ta rage gishiri, ko da yake idan ba na gida Allah kaɗai Ya san abin da take barbaɗawa a miya. Matarka Nafi tana nan ƙalau, ɗinkinta yana tafiya. Ni ma ina nan bakin hanya da tukunyar koko da kaskon ƙosai kamar yadda ka bar ni. Ruwan sama ya cika kwata har ya shigo zaure sau biyu, amma bai yi ɓarna ba. Na zaɓi in rubuta ne saboda na san halinka a waya, ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana sai ka yanke hukunci. 'Yata Samiratu za ta ɗauki hoton takardar ta turo maka yau ɗin nan. Ka samu wuri ka zauna, ka karanta har ƙasa kafin ka kira kowa.

Maganar 'yarka Shifa ce. Kada gabanka ya faɗi, tana nan tana ci tana wasa. Amma Mma ta ƙudura za ta haɗa ta da Inna Basma, ƙanwar ita Mman, su tafi Salaga can arewa ranar Juma'ar nan, ta zauna can, kuma ta ce duk duniya ba mai hana ta sai kai da ka haife ta. Ni kuma ina da dalilin da ya sa nake ganin idan yarinyar nan ta hau motar, mun cuce ta cutar da ba za mu iya gyarawa ba. Bari in faro maka daga tushe.

Ka san 'yata Samiratu tana jami'a tana koyon aikin koyar da ƙananan yara. Bana aka tura su makarantu su gwada abin da suka koya, ita kuma aka ba ta makarantar bayan gidanmu, ajin keji, wato na 'yan ƙanana, inda Shifa take. Malamar su Samiratu a jami'a, Dakta Hidaya, tana wani bincike a kan yadda yaran zango, wato unguwannin Hausawa irin tamu, suke koyo, tun da yaro a nan yana tashi da Hausa a gida, Tiwi da Ga a layi, Turanci a makaranta, Larabci kuma da yamma. Abin da ta koya musu shi ne a daina tara yara duka suna rera karatu da murya ɗaya tun safe har a tashi. A raba su kashi kashi, a yi wasa da su, malama ta riƙa lura da kowane yaro shi kaɗai. Da farko dariya na yi wa Samiratu son raina. Na ce ashe duk hayaƙin da na sha don ta shiga jami'a, ƙarshensa tsintar murafen kwalba da gwangwanayen madara ne a bola. Ɗakinmu ya koma kamar na mai gwangwan. Takan yi murmushi kawai ta ci gaba da wanke tarkacenta.

To, a wannan ajin Shifa ce abin kwatance. Tsohuwar malamarsu ba ta da magana sai yabonta: ba ta surutu, ba ta faɗa, idan ana rera karatu bakinta yana motsi daidai da na kowa, idan an tafa ta tafa. Har kyautar natsuwa aka ba ta a ƙarshen zangon da ya wuce, muka yi ta murna. Mu ma a gida haka muka ɗauka. Da aka ga ta wuce shekara huɗu kalmominta ba su fi a ƙirga ba, kuma su ma ba su fita sosai, sai kowa ya kawo nasa bayanin. Wasu suka ce harsuna ne suka yi mata yawa, ta rasa wanda za ta kama. Mma ta ce kai ma sai da aka fara fid da rai kafin ka buɗe baki, ga shi yanzu ba a iya rufe shi. Aka ce kunya ce irin ta gidan su Nafi. Bayanin kowa ya zauna daidai, muka kama harkokinmu.

Sai ranar da Samiratu ta yi wani wasa da su. Yara shida ne a rukunin. Ta sa suka rufe ido, ita kuma ta riƙa zagayawa tana kiran sunansu a hankali ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ji nasa ya buɗe ido ya koma kan tabarma. Duka suka koma sai Shifa. Samiratu ta kira ta daga dama, ta kira daga hagu, ta ɗaga murya, ta kaɗa gwangwani mai tsakuwa a bayanta. Yarinyar nan tana tsaye ita kaɗai a tsakar aji, ido a rufe gam, tana murmushi tana jiran a kira ta. Sai da aka taɓa kafaɗarta sannan ta buɗe ido. Ranar Samiratu ta dawo gida ba ta iya cin abinci ba. Ta ce mini da ta koma tana lura, sai ta gane duk karatun da Shifa take rerawa ba sauti a ciki, bakin na kusa da ita take kallo tana kwaikwayo, tafin ma sai ta ga hannuwa sun tashi take ɗaga nata. Cikin yara fiye da arba'in suna ihu tare, wa zai gane akwai murya ɗaya da ba ta fita?

Samiratu ta gaya wa malamarta. Dakta Hidaya ta zo ajin ta zauna a ƙasa tare da yaran kwana biyu, sannan ta nemi izini ta zo gida. Mace ce mai ladabi, 'yar zangon Kumasi, ta cire takalmi tun daga zaure ta durƙusa ta gai da Mma. Ba ta yi gaggawa ba. Ta ce ita ba likitar kunne ba ce, ba za ta sa wa yarinya sunan ciwo ba, amma abin da ta gani ya isa a kai ta a auna jinta. Ta ce tun da tana da 'yan kalmomi, wataƙila akwai ɗan sauran ji, kuma yana yiwuwa abin mai sauƙin magani ne, yana yiwuwa kuma sai da na'urar da ake sa wa a kunne da koyon magana. Ko ma wanne ne, ta ce, shekarun nan ne harshe yake kama yaro, duk watan da ya wuce ba ya dawowa. Har ta samo mana rana a asibitin da ake auna jin yara, mako mai zuwa. Mma ta sa aka kawo mata lemo, ta yi godiya, ta sa mata albarka, ta raka ta har ƙofa.

Ko kwanar layi matar ba ta sha ba gidan ya kama da wuta. Mma ta ce mutanen jami'a sunaye suke nema su cika littafinsu, an rasa wanda za a rubuta sai jikarta. Ta ce wa Samiratu karatu ya hau mata kai, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ta ce mu da muka san Nima da Maamobi, idan aka ga yarinya da abu a kunne, kafin la'asar labari ya kai Kotobabi, kuma sunan kurma zai bi ta har gidan aure, ya bi 'ya'yanta. Daga ranar ta hana Shifa zuwa makaranta, ta ce kada wanda ya sake ta da maganar a gidanta. Na yi haƙuri kwana uku, kai ka san wannan a wurina ba ƙaramin jihadi ba ne.

Ranar Asabar da la'asar ina wanke babban murfin tukunyar koko a tsakar gida. Mma tana kan kujerarta da carbi, Nafi tana madafa, Shifa tana zaune ta ba mu baya tana jera murafen kwalba. Raina yana ta tafasa, sai kawai na ɗaga murfin nan na sake shi a kan siminti. Wahab, ƙarar har masu shago a waje sai da suka leƙo. Carbi ya faɗi daga hannun Mma tana salati, Nafi ta fito a guje da ludayi, kajin maƙwabta suka watse. Shifa ba ta ko ɗaga kai ba, sai da kaza ta gifta ta gabanta da gudu, sannan ta bi ta da kallo ta ƙyalƙyale da dariya. Mma ta dube ni, kallon da tun ina yarinya ban sake ganin irinsa ba, ta ɗauki carbinta ta shige ɗaki. Ni kaina da na shirya abin, har lokacin ina addu'a a zuciyata ta juyo ta ƙaryata mu duka.

Bayan magariba Nafi ta same ni tana kuka. Ta ce ita tun wajen yaye ta fara zargi, takan yi magana a bayan yarinyar ta ga ba ta waiwaya. Amma Shifa 'yar farinta ce, ko sunanta ba ta kira a gaban Mma, ta yaya za ta buɗe baki ta ce ta damu da ita, kuma a gaban surukar da ke rainonta? Kada ka ga laifinta. Kunyar da muke yaba mata ita ce ta ɗaure mata baki, kuma ta daɗe tana ɗauke da wannan abu ita kaɗai.

Na ɗauka abin da Mma ta gani zai sa ta sauko. Washegari sai ta kira ni ta ce tun da Inna Basma ta zo suna kuma za ta koma Juma'a, Shifa za ta bi ta. Ta ce can babu hayaniya, babu idon mutane, akwai malamin da zai yi mata rubutu, idan bakinta ya buɗe sai a dawo da ita. A nan na gane Mma ta yarda da abin da muka gani, tsoro ne kawai ya kama ta. Ta tuna mini wata kurma da ke layinmu muna yara, yadda yara suke bin ta suna jifa, ta ce ba za ta rayu ta ga an yi wa jininta haka ba. Ta faɗa tana hawaye, ni ma na yi. Ba mugunta ba ce, so ne. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban ƙi addu'a ba, ban ƙi rubutu ba, a yi su a nan, a kuma kai ta a auna. A Salaga wa zai bi wannan magana? Inna Basma ta tsufa, za ta ba ta tuwo ta so ta, yarinya ta girma shiru, kowa yana cewa mai natsuwa ce. Na roƙi Mma har na durƙusa. Ta ce ni gwaggo ce, Nafi yarinya ce, Samiratu kuwa ba a ma sa ta a lissafi, idan uban ya ce a bar ta an bar ta. Tuni ta sa an wanke kayan Shifa an ɗaure a jaka, tana nan a gefen gadonta.

Don haka ba kuɗi nake nema a wurinka ba, muryarka nake nema. Ka kira Mma kafin Juma'a, kira na baki da baki, ba saƙon murya ba. Kada ka yi mata faɗa, kada ka ambaci murfin tukunya, wannan ni da ita ne. Ka gode mata a kan rainon da ta yi, sannan ka ce kai ne kake so a bar Shifa a Accra a kai ta asibiti, ta kuma koma makaranta. Na san zuciyarka za ta so ta ce ƙarya ne, 'yarka lafiyarta lau, tawa ma haka ta yi ta faɗa. Na kuma san ba ka taɓa musa wa Mma ba, shi ya sa nake jin tsoro. Idan ka yi shiru, shirun nan za ta ɗauka a matsayin izini.

Ka gai da abokin zamanka Razak, ka ce mahaifiyarsa ta samu saƙo. Ka gai da Kadiri da Falalu idan kun haɗu a masallaci. Nafi tana gaishe ka, Samiratu tana gai da kawunta, ta ce ka yafe mata idan ta ta da ƙura. Baban Samiratu ma yana gaisuwa daga tashar Circle. Ka lura ban ce Shifa tana gaishe ka ba. Kullum idan ka kira akan kara mata waya a kunne, ka yi ta magana ta yi shiru, ka ce ko fushi take yi don ka tafi ka bar ta, mu kuma mu ara mata baki mu ce tana gaishe ka. Ba fushi take yi ba, Wahab. Ba ta san kana magana ba ne. Ka bar mana ita a nan, ko Allah zai sa wata rana ta ji ka, ta amsa da kanta.

Allah Ya ba ka ikon yin abin da ya dace, Ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka Mulikatu