Ba Tauraron Ne Ya Dusashe Ba

Daren Laraba, Gumel

Yau malamina na jami'a ya kira ni. Wai tauraron da nake bincike a kansa, wanda na zaci yana dusashewa, lafiyarsa ƙalau. Na'urar da ke ɗaukar haskensa na eksire a sararin samaniya ce ta tsufa, datti ya taru a idonta. Aikin digirina ya bi ruwa ke nan. Ga shi har Inna ta raba waina sadaka, wai autanta ya gano abin mamaki!

Da na yi mata bayani ta ce, "To a sauko da ita a goge mana, kamar kwalbar fitila."

"Inna, ba ta saukowa."

Sai ta ce, "Ashe ita ma haka za ta tsufa, ba mai leƙa ta."

Na kasa cin tuwon dare.