Kafaɗar Hagu Tana Jiranka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga inuwar da na sauka ƙarƙashinta tun ina yarinya, ban sake ɗaga kai na nemi wata ba. Zuwa ga ruwan randata a tsakiyar bazara, ƙamshin ƙasata bayan ruwan fari, tauraron da nake dubawa in san asuba ta kusa. Maigidana, rufin asirina, uban 'ya'yana! Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya zafin kwalta? Ya gwiwar nan taka, tana barinka ka yi sujada ba ciwo?

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Ka san ni da waya: da na ji muryarka sai bakina ya mutu, in ce lafiya lau, in ce yara suna gaishe ka, in kashe, sannan in zauna ina jin haushin kaina. Ga shi a sansanin naku sai ka hau kan motar gireda kafin a ji ka. Shi ya sa na roƙi direban da ke kai muku mai ya damƙa maka wannan hannu da hannu.

Wayyo ni! Tun da aikin titin nan ya ɗauke ka, gidan nan ya zama kamar rigar da aka yanka ba a haɗa ba: ga hannu, ga wuya, ga gaba da baya, amma ba ta rufa jikin kowa. Butarka tana nan inda ka bar ta, in na share ƙarƙashinta sai in mayar da ita daidai wurin. In wani namiji ya yi tari a lungu, ƙafata sai ta tsaya a kan keken ɗinki. Mace da furfura a goshi tana kasa kunne kamar amarya! Haka kake ji kai ma, ko ni kaɗai Allah ya jarabta?

Ka tuna ranar da ka kawo mini keken ɗinkin nan, hasken idona? Muna ɗakin haya mai taga ɗaya. Ka daɗe kana tara kuɗinsa, sai Yayanka ya ji labari, ya zo ya miƙe ƙafa a kan tabarma, ya ce ƙofar shagonsa na neman gyara, mace kuwa ai allura ta ishe ta. Ina bayan labule na riƙe numfashi, don na san ka, kai da ko ido ba ka ɗagawa a gabansa. Sai na ji ka ce, a hankali kamar mai tsoron tada jariri: "A'a, Yaya. Na riga na yi mata alkawari." Da yamma hadari ya taso. Ka shigo da kan keken a kafaɗa, ka tuɓe rigarka ka lulluɓe shi, kai kuwa ka jiƙe sharkaf kana dariya, wai ƙarfe ne ke tsatsa, mutum ba ya yi. An ɗaura mana aure tun kafin wannan rana, amma a ranar ce na zama taka. Keken nan ya ciyar, ya tufatar, ya kai yara makaranta, kuma duk takun da na yi masa ina jin wannan "a'a" ɗin a cikin ƙararsa.

Ita nake nema a wurinka yau, abin ƙaunata. Ba ni nake buƙata ba wannan karon, 'yarmu ce, 'Yar Baba.

Labarin kai a waya ka ji shi, ni da ido na gani. Lokacin da aka ɗauki yarinyar nan makarantar horar da hafsoshin soja, ka ji abin da Yayanka ya ce: 'yar gidan mutunci da bindiga, wa zai aure ta, sai dai wani kurtu. Muka haɗiye. Hutunta na farko, daga tasha ba ta zo gida ba, ta wuce gidansa cikin kakinta, wai Baba Babba za ta fara gaisarwa, tunda kai ka koya mata cewa shi ma uba ne. Ya aiko matarsa ta ce ba a shigar masa gida da wando. Yarinyar nan ta tsaya a ƙofa, hannu a baya kamar yadda aka koya musu, tana zaton zai huce. Tun azahar har aka kira la'asar. Rana a kanta, masu wucewa suna nuna ta da baki, ko kofin ruwa ba a miƙo mata ba. Daga ƙarshe matar ta leƙo ta ce: "Wai in ji Babanku, in da saƙo ki bayar, ki tafi." Ta zaro ɗan abin da ta tara ta miƙa. Ka ji ikon Allah? Wandon ne bai shiga ba, abin da ke aljihun wandon ya shiga!

Tun daga ranar ba a bar ta ta huta ba. Yau bikin ɗansa, gobe rufin ɗaki, jibi maganin matarsa da ba ta taɓa warkewa. In an yi magana su ce kuɗin gwamnati ne, ai ba ya ƙarewa. Ɗan alawus ɗin ɗaliba! Abin da take ba ƙannenta na makaranta ban ce komai a kai ba, da murna take yi, Allah ya yi mata albarka. Amma wanda ya hana ta inuwar zaurensa, da wane bakin yake cin guminta?

Ba ta taɓa kawo mini ƙara ba. Tef ɗin awona ne ya faɗa mini. Kakin da ake ba su yankan maza ne, ni nake gyara mata. Zuwan farko na rage ƙugun wandon yatsa biyu, ya zauna mata das. Zuwa na gaba na sake ragewa. Wannan zuwan, da na zagaya tef a ƙugunta sai na ga ta ƙara ramewa. Na farke na sake kamawa har aljihunan baya suka kusa haɗuwa. Ta yi dariya ta ce: "Umma, gudu ne, a can ko giwa aka kawo sai ta dawo barewa." Da na zo wanke mata kaya na ga safarta, faci a kan faci, da irin ɗinkin da na koya mata. Nan na tsare ta. Ashe abincin makaranta ba ya riƙe mai gudu da kaya a baya, kowa sai ya ƙara da madara da ƙwai daga kanti. Ita in lokacin ya yi sai ta ɗauki littafi ta juya wa bango fuska. 'Yarmu, maigida! Wadda kake ɗorawa a wuya ka zagaya tsakar gida da ita kana cewa a buɗe hanya ga sarauniya!

Bai ishe shi ba. Yanzu ya tsara cewa da zarar ta fara karɓar albashin hafsa, ta ciyo bashi a kansa a gina wa ɗansa shago. Na ce mata ta ƙi. Ta sunkuyar da kai ta ce: "In Baba bai hana ba, ni wace ce da zan hana?" Ka gani? Yarinyar da ke ba maza umarni su tsaya ƙyam, a gaban maganarka ɗaya take jira.

Ranar yaye su ta matso, ƙarshen watan nan ne. Kowane ɗalibi kati biyu ake ba shi, babu ƙari. Bayan fareti iyaye ke fitowa fili, uwa ta tsaya dama, uba ya tsaya hagu, kowa ya liƙa aninin hafsa a kafaɗar da ke gabansa. Ta kawo mini katunan tana rawar jiki kamar ranar da ta fara tafiya. Ba a kwana biyu ba sai ga matar Yayanka da yadi mai tsada a leda, na kuma san kuɗin wa ya saye shi. Ta ce: "Yayan naku ya ce a ɗinka masa na fita, shi zai liƙa wa 'yarmu anini, ƙaninsa ya bar masa." 'Yarmu! Har tana tambayata ko kujerar iyaye mai laushi ce, saboda bayansa. Na kira ka, ka ce girmansa ne, aiki kuma ya yi yawa, a bar shi kawai. Na ce to. Wannan "to" ɗin ita ce take cin raina har yau.

Ka san ban iya ɗaga murya ba. Ko kaza na kora sai na ji kamar na yi mata laifi. Amma bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa a kan kowa ba: ban yafe ba. Na yi alwala na nemi yafiyar a zuciyata, na tashi na sake nema, ban same ta ba, kuma ba zan yi wa Allah ƙarya in ce na samu ba. Tun muna gaban malam aka karantar da mu cewa yafiya ta fi, amma wanda aka zalunta in zai rama, ya rama daidai, kada ya wuce. To ni ɗinki na iya, aune na sani. Na auna ramuwata kamar yadda nake auna wuyan riga.

Na ɗinka masa kayan. Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da keke yana ce mini in matse hammata, in karkace aljihu, in bar zare ɗaya da zai saki a cikin jama'a. Na yi a'uziyya. Amana ce, na yi masa ɗinkin da ban taɓa yi wa kowa ba, na goge, na ninke, har ƙyallayen da suka rage na haɗa na mayar. Ban kuma yaudare su ba. Na faɗa wa matarsa ƙarara cewa kati na mai shi ne, ba zai fito daga hannuna zuwa nasu ba. Ta tuntsire da dariya ta ce: "Wa zai tare Yaya a ƙofa?"

To shi nake so ya je ya gani! Ina so ya sa kayan nan, ya fesa turare, ya cika mota da abokansa waɗanda ya gama faɗa wa cewa shi ya tarbiyyantar da hafsa. Ina so ya isa ƙofar bariki, wani sojan da bai san Baba Babba ba, bai san girman gida ba, ya miƙa hannu ya ce kati. Ina so ya tsaya nan, rana a kansa, masu kati suna ratsa shi suna wucewa, ya ji badujala tana tashi daga ciki, ya ji an kira sunanta an ɗauki tafi, bai ga komai ba sai bango. Tun farkon fareti har ƙarshensa, tsawon azahar zuwa la'asar. Ba zagi, ba gori, ba zan ko dube shi ba. Ruwa ma zan aika masa, duk da ita ba a ba ta ba, don in ragi ne a awona, gara ya zama a kaina. Astagfirullah, in na tuna tsayuwar nan tasa sai in ji sanyi a ƙirjina kamar na sha ruwa bayan azumi.

Akwai kalma ɗaya da ta rage, wadda ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. "Allah ya isa" tana kan harshena tun ranar da na ga safar nan. Na danne ta don ciki ɗaya kuka fito, ina tsoron kada feshinta ya taɓa ka. Amma in aka ɗora wa yarinyar nan bashin shago, ban yi alkawarin zan iya riƙe ta ba.

Ka zo, sanyin idona. Ka roƙi shugabanku kwana biyu, titi ba zai gudu ba. Ka zo ka tsaya a hagunta da hannuwan nan naka da kwalta ta ƙona, ka liƙa mata abin da ta saya da ƙugunta. In an fito, Yayanka ya tare ka a ƙofa yana huci, ka gaishe shi da ladabi kamar kullum, sannan ka faɗa masa kalmar nan taka, a hankali, yadda ka faɗe ta a ɗakin haya. Ta kati da ta bashi, duka kalma ɗaya ce. Yarinyar nan ta ji ta daga bakinka sau ɗaya, wallahi ta ishe ta har tsufa. Na ɗinka maka fararen kaya da kuɗin hannuna, suna rataye a bayan ƙofa. Ban nemi tef ba. Wace kafaɗa na sani a duniya kamar taka?

Yanzu duba cikin ambulan. Katinka ne. Na so in ɓoye shi a aljihun keke har ranar, in tabbata Yayanka bai taɓa shi ba. Na kwana ina juya abin, na ga ba hakkina ba ne: uba aka ba, kai ne uba. Ga shi nan, da ramuwata da komai, na naɗe na sa a tafin hannunka. In ka ga dama ka aika masa, direban nan ta ƙofar shagonsa yake wucewa.

In shi na gani ya shigo fili da katin nan, ba zan ce uffan ba. Zan liƙa nawa aninin, in dawo gida, in ci gaba da share ƙarƙashin butarka, in dafa maka abin da kake so in ka dawo. Taka ce ni ko ka zo ko ba ka zo ba, har ranar da za a auna ni awon ƙarshe da farin yadi. Sai dai zan san cewa mutumin da ya shigo mini da keke cikin ruwa, can na baro shi a ɗakin haya.

Amma ban yarda ba. Na san yana nan. Zan zauna ina kallon ƙofa, jakata a kan kujerar da ke gefena, duk wanda ya tambaya in ce da mai ita.

Taka jiya, taka yau, taka har a tashe mu,
Mai ɗinkinka.